Sinadaran ƙamshi na jikin wiwi da na sauran tsirrai: kuɗin me ake biya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina shekarar ƙarshe a karatun harhaɗa magunguna a Kanada, ina kuma aikin koyo a wani kantin magani. Akwai wani dattijo mai ciwon jijiya da likitansa ya ba shi izinin amfani da tataccen man wiwi, irin wanda ake zuƙa da sigarin lantarki. Ya zo mini da kwali biyu. Ɗaya an rubuta CDT, wai sinadaran ƙamshinsa daga jikin wiwin aka ciro su. Ɗayan an rubuta BDT, wai daga wasu tsirrai aka haɗo su. Na farkon ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ya tambaye ni wanne ya fi magani, wanne kuma ya fi sauƙi ga huhu, na rasa abin faɗa. A aji an koya mana cewa sinadari sinadari ne, ko daga ina ya fito. To kuɗin me ake biya?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya kuma ba dattijon nan lafiya. Tambayarki ɗaya ce a baki, amma uku ce a cikinta: ko sinadaran biyu abu ɗaya ne, ko asalinsu yana canza aikin maganin, sannan ko ɗaya ya fi ɗaya aminci idan aka zuƙe shi. Kowace da amsarta, kuma masu talla da gangan suke cakuɗa su, don amsar ta farko ta ɗauki nauyin sauran biyun.

Aikina shi ne auna sinadaran tsirrai. Da man tsaure da ƙaron hano na fara, tun ina gida, yanzu kuma na yi shekaru a ɗakin gwaji mai lasisi a nan Kanada, inda kayan wiwi ke biyowa ta hannunmu kafin su shiga kasuwa. Ni ba likita ba ne. Abin da ke cikin kwalba nake gani, abin da yake yi a jikin mutum kuwa sai dai in faɗa miki abin da masu bincike suka samu. Sannan tun da 'yan gida ma za su karanta wannan, in faɗa tun yanzu: maganar nan ta Kanada ce, inda aka halatta wiwi ranar 17 ga Oktoba 2018, aka kuma buɗe ƙofar tataccen mai bayan shekara guda. A Najeriya da Nijar laifi ne. Dokar Kanada ita kanta ta hana tsallaka iyaka da shi, ko da takardar likita.

Mene ne tarfen?

Kin daɗe da sanin su, sunan ne kawai baƙo. Ƙamshin da ke tashi idan aka matse ɓawon lemu, sunan sinadarinsa limonen. Na ƙaron hano idan an jefa shi a garwashi, yawancinsa finen ne, wanda ke cikin itacen fain na ƙasashen sanyi. A ɗanyen mangwaro da tsaure akwai mirsen. A ɗoɗɗoya akwai linalul. A masoro da kanumfari akwai kariyofilen. Duk dangi ɗaya ne, ana ce musu tarfen, sunan da ya samo asali daga tafintin, man da ake tatsowa daga danƙon fain ana tsinka fenti da shi. Tsiro yana gina su ne daga tubali guda mai ƙwayar kabon 5. Ya haɗa biyu, an sami masu kabon 10, marasa nauyi, masu saurin tashi, irin su mirsen da limonen da finen. Ya haɗa uku, an sami masu kabon 15, masu nauyi da jinkirin tashi, irin su kariyofilen da humulen. Bajamushe Otto Wallach ya ci kyautar Nobel a 1910 kan warware wannan dangi, Leopold Ruzicka kuma ya ci tasa a 1939. Ke nan ilimin ya girmi kasuwar wiwi ta zamani da shekaru masu yawa.

Wiwi tana yin nata a cikin 'yan ƙananan gashi masu danƙo da ke lulluɓe da furen macen, wuri ɗaya da inda take yin THC, sinadarin da ke sa maye, da CBD, wanda ba ya sa maye. An ƙirga fiye da iri 150 a jikinta, amma a busasshen fure duka-duka ba su cika wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa ba, kuma goma zuwa sha biyu ne ke riƙe da mafi yawan wannan kason.

To me ya sa ake ƙara su a mai tun farko? Saboda tacewa tana kore su. Finen yana tafasa a wajen digiri 155, mirsen a wajen 167, limonen a 176, alhali THC ya fi su nauyi da yawa. Idan masana'anta ta tace mai don ta sami THC mai kauri, kashi 85 ko 90 cikin 100, masu ƙamshin ne ke fara guduwa. Abin da ke saura kamar zuma mai daskarewa yake, ba ƙamshi, ba ɗanɗano, ga shi ba ya gudana a cikin 'yar kwalbar sigarin lantarki. Sai a dawo a zuba masa tarfen, su tsinka shi su kuma ba shi ƙamshi. Daga nan ne hanya ta rabu biyu: ko a zuba wanda aka tattara daga wiwi, ko a sayo ɗaiɗaiku daga 'yan kasuwar turare da kayan ɗanɗano a haɗa.

Inda malaminku ya yi gaskiya, da inda maganarsa ta tsaya

Ƙwayar sinadari ba ta tuna uwar da ta haife ta. Mirsen da aka ciro daga wiwi da wanda aka ciro daga furen hof, ɗan'uwan wiwi na jini da ake sa wa giya, abu ɗaya ne a na'ura, abu ɗaya ne a hanci, abu ɗaya ne a jiki. Duk wanda ya ce miki na wiwi yana da wata baiwa ta daban a matsayinsa na mirsen, talla yake yi. A nan malaminku bai yi kuskure ba.

Sai dai ba ƙwayar sinadari guda ake sayarwa ba, haɗi ake sayarwa. Ki ɗauki gishirin Bilma da farin gishirin leda. Abin da ke sa su zama gishiri ɗaya ne, amma makiyayin da ya san kantu ba zai yarda a ce masa ɗaya suke ba, kuma yana da hujja, domin akwai wasu ma'adanai da suka rako na Bilma. Bambancin CDT da BDT a irin waɗannan 'yan rakon yake.

Na'urar da muke aiki da ita, GC-MS, wani siririn bututu ne mai tsawon mita 30 da aka naɗe cikin tanda. A sa ɗigon mai a baki ɗaya, sinadaran su yi tsere, marasa nauyi su riga fita, kowanne in ya fito sai ya bar tsini a kan allo. Idan na sa haɗin BDT, abin da nake gani tsini ne dogaye, takwas ko sha biyar ko ashirin, tsakaninsu fili fetal kamar an share. Idan na sa CDT na gaske, dogayen suna nan, amma ƙasan cike yake da ƙananan tsini kamar ciyawa bayan ruwan fari, wasu ma kundin sunayen da ke cikin na'urar ba ya iya ba su suna da tabbaci. Kafin in duba takardar da ta rako samfurin, daga wannan ciyawar nake gane wanne ke gabana.

Kuma abin mamaki, ƙamshin da mutane ke gane wiwi da shi ba daga tarfen yake fitowa ba. A 2021 wasu masu bincike a Kalifoniya, ƙarƙashin Iain Oswald, suka nuna cewa wannan ɗoyi mai kama da na bodari daga wasu sinadarai ne masu farar wuta a jikinsu, dangin waɗanda ke ba tafarnuwa warinta. Babbansu shi ne wanda ke ɓata giya idan rana ta dake ta a kwalba. Kaɗan ne ƙwarai a furen, amma hanci yana kama su tun suna 'yan burɓushi, kamar yadda ƙwayar daddawa ɗaya ke sanar da kanta a tukunya. A 2023 suka sake fitar da wani aikin da ya nuna cewa ƙamshin 'ya'yan itace da na alewa da ake yayi a wasu irin wiwi shi ma daga wasu ƙananan sinadarai ne da ba tarfen ba. Ki riƙe a ranki cewa kamfanin da suke yi wa aiki sayar da kayan ƙamshi yake yi, amma an duba aikin an wallafa shi a mujallar ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka, kuma ya yi daidai da abin da hancina ya daɗe yana gaya mini: samfuri biyu su zo da lissafin tarfen kusan iri ɗaya, ɗaya na warin man fetur, ɗaya na ƙamshin gwaiba. Shi ya sa haɗin BDT na da yake fitowa da ƙamshin sabulun wanke-wanke ko na lemon kwalba. An kwafi manyan, an bar ƙananan da su ne ainihin shaidar.

Akwai wani bambancin da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma ke da kika karanta harhaɗa magunguna za ki ji daɗinsa. Wasu sinadarai suna zuwa ne dama da hagu, kamar takalmi: kayan gini ɗaya, siffa ɗaya, amma ɗaya ba ya shiga ƙafar ɗaya. Limonen na cikinsu. Na ɓawon lemu na dama ne, shi ke da ƙamshin lemun zaƙi. Na hagu ya fi karkata ga warin tafintin. To wiwi, na hagun ta fi yi. Tun 2007 aka gano enzayim ɗin da ke ƙera shi a jikinta. Wanda ake saye a durom-durom kuwa na dama ne, domin rarar masana'antun matse lemu ne na Brazil da Fulorida, shi ya sa yake da araha. Takardar gwaji ta yau da kullum "limonen" kawai za ta rubuta, domin bututun da aka saba amfani da shi ba ya raba dama da hagu, sai an sa na musamman. Kama da wane ba wane ba ne. Da irin wannan bututun ne na taɓa kama wani samfuri da aka kawo mana da tambarin CDT, muka tarar limonen ɗinsa kusan duka na lemu ne. Mai kayan ya rantse haka aka sayar masa, kuma na yarda da shi, don shi ma a hannun dillali ya saya.

Kalmar "na tsirrai" ita ma tana buƙatar a buɗe cikinta. Kariyofilen yawanci daga man ganyen kanumfari ake ware shi, wanda Indonesiya da Madagaska ke fitarwa. Bisabolol daga wani itace na Brazil. Amma mirsen na kasuwa ba a cika tatso shi daga wani ganye ba: finen ake ɗauka daga tafintin, rarar masana'antun takarda, a gasa shi da zafi mai tsanani ya rikiɗe. Linalul kuma da yawansa a masana'anta ake ƙera shi. Wannan bai mai da su guba ba, ƙwayar dai ita ce. Amma kowace hanya tana barin nata saura. Idan aka ce tsabtar abu kashi 90 ce, tambayata kullum ita ce, sauran 10 ɗin mene ne?

CDT ma ba abu ɗaya ba ne

Mai saye yana ɗauka cewa in an ce daga wiwi aka ciro, to ƙamshin furen da aka zana a kwali ne ke cikin kwalbar. Sau da yawa ba haka ba ne. A 1996 Samir Ross da Mahmoud ElSohly na Jami'ar Mississippi suka auna man ƙamshin fure ɗanye da busasshe, suka ga bayan wata uku da bushewa fiye da rabinsa ya tafi, kuma marasa nauyin ne suka fi tafiya. Masu farar wutar nan ma cikin kwanaki kaɗan na ajiya suke raguwa. Saboda haka tarfen da aka tattara daga fure ɗanye da aka daskarar nan take daban yake da wanda aka tattara daga busasshen ragowar ganye da ya kwana biyu a sito. Hanyar tattarawar ma tana da hannu. Tururin ruwan zafi, irin wanda muke tatsar man tsaure da shi, yana dafa wasu sinadaran su canza kama, yana kuma barin wasu a baya.

Sannan da yawan abin da ake kira CDT daga wiwin masana'anta ake samo shi, wanda THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, irin wanda dokar noma ta Amurka ta halatta a 2018. Tsiro ɗaya ne, don haka ba a yi ƙarya ba, amma ba furen da aka sa wa kwalbar sunansa ba ne. Su kansu sunayen ba abin dogaro ba ne. A 2022 an wallafa wani nazari na samfuri kusan 90,000 daga jihohi shida na Amurka, aka ga cewa ta fuskar tarfen yawancinsu gida uku suka kasu: masu kariyofilen da limonen, masu mirsen da finen, da masu tarfinolen da mirsen. Rabon da 'yan kasuwa ke yi wa wiwi gida biyu na "indika" da "satiba" bai bi wannan kason ba.

A nan BDT yana da abin da ya fi CDT: ba ya canzawa. Abin da aka auna aka haɗa a watan Janairu shi za a haɗa a Yuni. CDT kuwa amfanin gona ne, girbin bana daban da na bara. Ga mai neman ƙamshi wannan ado ne. Ga mai harhaɗa magani, wanda duk horonsa a kan a ba mara lafiya abu iri ɗaya kullum yake, matsala ce.

Batun 'yan rakiya

Duk tsadar CDT a kan magana ɗaya ta jingina, wadda zan kira tasirin 'yan rakiya: wai THC amarya ce, tarfen su ne 'yan rakiyarta, kuma yadda za ta zauna a gidan ya danganta da waɗanda suka kawo ta. Shimon Ben-Shabat da Raphael Mechoulam ne suka fara amfani da kalmar a 1998. Mechoulam shi ne wanda, tare da Yechiel Gaoni, ya warware siffar THC a 1964. Amma a takardar 1998 ba maganar tarfen suke yi ba sam, maganar wasu sinadarai ne da jikin mutum ke yi da kansa. Likitan jijiya Ethan Russo ne ya jawo kalmar zuwa kan tarfen a 2011, a wata takarda da ta tattara dalilan da ke sa a yi zaton haka. Zato ne mai ma'ana da ya nemi a gwada. Kasuwa ba ta jira gwajin ba.

Abin da aka gwada ya zuwa yanzu ga shi. A 2008 Jürg Gertsch da abokan aikinsa suka nuna cewa kariyofilen yana kama makarɓar CB2, wato wani gurbi a jikin ƙwayoyin halitta da sinadari ke kamawa ya yi aiki, wadda ke da hannu a kumburi. Wannan ya tabbata, amma ki lura, kariyofilen na masoro ma yana yin haka, don haka hujjar ba ta taimaki CDT ba. A 2019 a Ostareliya, da 2020 a Niyu Zilan, an gwada manyan tarfen na wiwi a kan ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji, ba a ga sun canza yadda THC ke kama makarɓansa ba. A 2021 a Jami'ar Arizona an yi wa ɓeraye allurar wasu tarfen, aka ga alamun rage zafi, sai dai da adadi mai yawa da ba wanda zai samu ta hanyar zuƙa.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Jami'ar Johns Hopkins a 2024, domin a kan mutane aka yi shi, su 20, ba tare da sun san abin da aka ba su ba. Da aka haɗa wa 12 daga cikinsu miligiram 30 na THC da miligiram 15 na limonen, fargaba da ɗar-ɗar ɗin da THC ke jawowa sun ragu. Abu biyu a nan. Na farko, wannan rabon, biyu bisa ɗaya, ba furen da ke da shi. A fure THC yakan ninka limonen sau ashirin ko fiye. Na biyu, limonen na dama aka yi amfani da shi, irin na ɓawon lemu. Ke nan shaida mafi kyau da ake da ita a jikin mutum, ga ɗan abin da ta kai, gefen BDT ta fi karkata. Mutane kaɗan haka kuma ba su isa a gina hukunci a kansu ba.

Maganar da ke yawo cewa a ci mangwaro kafin a sha don mirsen ya ƙara ƙarfi, ko cewa mirsen in ya wuce rabin kashi ɗaya yana kwantar da mutum, babu gwajin da aka yi a kan mutane da ya kafa su. Ana ta maimaita su ne har suka yi kama da ilimi.

Ki kuma duba magungunan da hukumomi suka amince da su, waɗanda kin san su a kanti. Epidiolex, na farfaɗiyar yara, wanda Amurka ta amince da shi a 2018, tataccen CBD ne a cikin man riɗi, kuma ya ci jarrabawar asibiti ba tare da 'yan rakiya ba. Sativex, wanda Kanada ta amince da shi tun 2005, daga tsiron aka tatso shi, amma abin da aka sa masa don ɗanɗano man na'ana'a ne. Wato tarfen na wani tsiro a cikin maganin wiwi, tun wancan lokacin. Sai dai a baki ake fesa shi, ba a zuƙa.

Huhu

Nan ne nake so ki fi tsayawa, domin nan ne tambarin kwali ya fi yaudara, ta kowane gefe.

Masu BDT sukan rubuta cewa kayansu "matakin abinci" ne, an amince da su. An amince a ci, ba a zuƙa ba. Ƙungiyar masu kayan ɗanɗano ta Amurka, wadda ke ba da wannan shaidar, ta sha faɗa da bakinta cewa shaidarta ba ta shafi shaƙa ba. Ciki yana da hanta a bayansa tana tacewa, huhu ba shi da kowa. Sinadarin da ke ba gugguru ɗanɗanon man shanu ba ya cutar da mai ci, amma ya lalata huhun ma'aikatan wata masana'antar gugguru a jihar Missouri da suka yi ta shaƙarsa, abin da ya fito fili a 2000. A 2019 kuma aka yi annobar ciwon huhu a Amurka daga kwalaben THC na bayan fage. Zuwa Fabrairun 2020 an ƙirga mutum 2,807 da aka kwantar ko suka rasu, 68 daga cikinsu sun mutu, kuma babban abin da aka kama da laifi wani nau'in bitamin E ne da ake tsinka man da shi, abin da mata ke shafawa a fata lafiya lau. Shi ba tarfen ba ne. Amma faitol ɗan dangin tarfen ne, yana cikin kowane koren ganye, kuma an taɓa amfani da shi wajen tsinka mai. A gwajin da aka wallafa a 2021 ya yi wa huhun ɓeraye mummunar ɓarna cikin kwanaki. A Fabrairun 2022 jihar Pennsylvania ta janye ɗaruruwan kwalaben wiwi na marasa lafiya saboda an sa musu abubuwan da ba a amince a shaƙa ba, har da tarfen na tsirrai, kamfanoni suka kai ƙara, kotu ta dakatar da janyewar bayan 'yan watanni.

To CDT ya tsira ke nan? A'a. A 2017 masu bincike a Jami'ar Portland State da ke jihar Oregon, a ɗakin gwajin Robert Strongin, suka ɗora mirsen da limonen da linalul a kan ƙarfe mai zafi irin wanda masu shan tataccen mai ke amfani da shi. Da zafin ya yi yawa sai suka farfashe suka ba da metakrolin, mai ƙona hanyar numfashi, da benzin, mai jawo sankarar jini. Wuta ba ta tambayar mirsen daga wane tsiro ya fito. Haka iska: limonen da linalul idan suka daɗe a buɗe suna rikiɗewa su zama masu tayar da borin fata, shi ya sa Tarayyar Turai ta wajabta a rubuta su a jikin kayan shafa. Sannan duk abin da aka fesa wa gona, tattara mai yana iya tattara shi. A 2016 da 2017 an janye wiwin marasa lafiya a nan Kanada saboda wani maganin feshi mai suna maikulobutanil, wanda ke fitar da gubar sayanaid idan aka ƙona shi, daga baya aka wajabta gwajin maganin feshi.

A ganina adadi ya fi asali muhimmanci. Fure yana da tarfen kashi 1 zuwa 3. Kwalaben da ke zuwa hannuna sukan kai kashi 5 zuwa 10, wasu su haura, kuma waɗanda suka haura galibi masu BDT ne, saboda yana da araha kuma yana rufe warin mai mara kyau. Tarfen mai narkar da abu ne. Limonen ɗin nan shi ake cire maiko da shi a gareji. Mai yawa yana ƙaiƙayin maƙogwaro yana sa tari ko daga ina ya fito.

Da ni ne a gaban dattijon

Zan ce masa: Baba, ƙarin kuɗin nan na ƙamshi ne. In CDT ɗin na gaske ne, zai fi kama da furen a hanci da harshe, wannan gaskiya ne kuma na'ura tana ganinsa. Amma ba a nuna cewa ya fi rage ciwon jijiya ba, ba a kuma nuna cewa ya fi sauƙi ga huhu ba.

Daga nan sai ki juya kwalin. Lambar da ta fi shafar lafiyarsa ita ce ta THC da CBD. A nazarin da Marta Di Forti ta jagoranta a wurare 11 na Turai da Brazil, wanda ya fito a 2019, masu shan wiwi mai ƙarfi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau biyar wajen haɗarin taɓin hankali, kuma "mai ƙarfi" a wurinsu shi ne wanda THC ɗinsa ya kai kashi 10. Kwalbar hannunsa tana iya kai 80. Ga tsoho kuma akwai jiri da faɗuwa, da karo da sauran magungunansa, musamman in yana shan mai tsinka jini irin su wafarin, wanda wannan fagenki ne, kin fi ni saninsa. Ki tabbatar akwai hatimin harajin gwamnati a kwalin, shaidar daga kasuwar halal ya fito. Ki duba jerin kayan haɗi: in akwai wani abu ban da man wiwi da tarfen, ya ajiye. In kamfanin yana ba da takardar gwaji, ku nemi ta wannan zubin, mai lambar da ta yi daidai da ta jikin kwali, ku ga jimlar tarfen nawa ce. In na'urarsa tana da matakan zafi, ya tsaya a na ƙasa, ya kuma ajiye kwalbar a inuwa, a rufe.

Sannan ki rubuta wa likitansa 'yar takarda ki tambaya ko lallai sai an zuƙa. Ciwon jijiya na kullum ne, kuma akwai man da ake ɗigawa a baki da kafso, waɗanda suka fi daɗewa suna aiki a jiki kuma ana iya auna su da miligiram. In aka koma can, kariyofilen ɗin ciki, na wiwi ne ko na kanumfari, hanyar da yajin miya ke bi zai bi.